Rumfar da Ta Hana Yaya Saude Gida

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Saude makwancinta, kuma har yau idan na bi ta gaban tsohon siton mahaifinmu sai abin da aka yi mata ya dawo min sabo. Masu karatu su yi min uzuri, wannan waiwaye ba na mai haƙuri ba ne. Na gwada haƙurin, ya ƙi zama.

Da aka raba gadon Baba, mu maza muka ɗauki gida da gonaki, ita kuma aka ba ta siton da yake tara gyaɗa a bakin hanyar Ɗanbatta. Dogon ɗaki ne na bulo, da ƙofar ƙarfe da rumfar kwano a gaba. A shekarar mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidana da 'ya'yanta mata biyu. Ba wanda ya tsangwame ta, amma macen da ta shekara talatin da murhunta ba ta jin daɗin tambayar inda ake ajiye ludayi. Sai ta ce za ta mai da siton gida: a raba shi ɗaki biyu, a cire rumfar, a ja katanga, a haƙa masai.

Kwana uku da fara aiki sai ga wani jami'i a kan babur da gwangwanin jan fenti. Ya shafa wa bangon, ya ce a takarda wurin kasuwanci ne, ba a kwana a ciki sai da izinin ofishin filaye. A kawo zane, a kawo wasiƙar mai unguwa, kuma kada maƙwabta su yi ƙorafi. Abin ya ɗaure min kai, domin a garinmu mutum kan gina ɗaki huɗu ba a tambaye shi ko guntun takarda ba. Wa ya kira shi?

Amsar tana zaune a ƙarƙashin rumfar. Tun zamanin Baba dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarma a wurin bayan la'asar, jagoransu Alhaji Ɗanlami dillalin shanu. Sun san idan siton ya zama gidan mata, dole kunya ta sa su naɗe tabarmarsu. Sai suka rubuta ƙorafi wai masan zai gurɓata rijiyar unguwa, rijiyar da ta ƙafe tun ina ɗan firamare. Mutum bakwai suka dangwala yatsa.

Yaya ta sa mayafi ta je har gabansu, ta durƙusa ta gaishe su. Ta ce, "Alhaji, in don inuwa ce, zan dasa muku darbejiya." Ya ce, "Haba Saude, mace da gida a bakin titi? Ki zauna wurin ƙaninki, ya fi miki rufin asiri." Sauran suka yi dariya.

Shekara uku tana hawa motar haya zuwa ofishin nan. Yau mai sa hannu ba ya nan, gobe fayil ya ɓata, jibi sai an janye ƙorafi. Ta rasu kwanukanta na ɗaure cikin buhu a ƙarƙashin gado, ba ta yarda an kwance su ba, kullum cewa take saura ƙiris. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, da idona na ga mutanen nan bakwai sun wuce kai tsaye sun zauna a rumfarta, da ƙasar kabarinta a takalmansu. A nan na ƙulle abin a raina.

Da na yi ritaya daga koyarwa, ofishin ya zama wurin aikina. Ni ne farkon zuwa, ni ne ƙarshen tashi, har masinja ya fara kira na Baba Mai Fayil. Na ɗauko duba-gari a kan babur ɗina ya leƙa rijiyar, ya tarar da tsummokara da mushen kaza. Bayan shekara huɗu takarda ta fito da sunan 'ya'yanta. Ban sa a cire rumfar da safe ba, na jira la'asar, sai da suka gama shimfiɗa. Magudanar ruwan wanke-wanke kuwa tana fitowa daidai inda buzun Alhaji yake zama. Haka yake a zanen da hukuma ta buga wa hatimi, kuma ni na nuna wa mai zanen wurin.

Da Yaya za ta leƙo yau, na san abin da za ta ce: "Kai dai Habu, ba ka da mantuwa." Ita da ta samu gidan, da har fura za ta riƙa aika musu. Ni ban gaji wannan halin ba. Bara Alhaji Ɗanlami ya dogaro sanda ya zo zaurena, tsufa ya cinye shi, ya ce, "Malam Habu, a yafe mana." Na ce, "Ba ni kuka hana gida ba, Alhaji. Wadda kuka hana ka san inda take, da kai aka kai ta."

Abin da ya rage na Yaya Saude shi ne gidan da ba ta kwana a ciki ba ko sau ɗaya. Babbar 'yarta Binta ke ciki, kwanukan nan an kwance su ana cin tuwo a cikinsu. Binta ta gaji zuciyar uwarta, domin ta dasa darbejiyar da uwar ta yi alkawari, a jikin katanga ta ciki, don rassanta su tsallaka waje. Ta girma, ta yi inuwa. Allah ya ji ƙan Yaya, ya ba ta gidan da ba a neman izinin maƙwabci. Ni kuma duk shekara, ranar da ta rasu, nakan wasa adda in sare duk reshen da ya leƙa titi. Jiya na sare na bana.