Abdurrahim na Rundunar Mahaya

A unguwar Faisal ta Alƙahira, inda ya yi zaman haya da matarsa Awadiyya, Ammu Abdurrahim mai dawaki ake ce masa, wato Baffa Abdurrahim. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Dogo ne, ƙafafunsa sun ɗan gwame saboda daɗewa a kan sirdi.

Yana saurayi yaƙin basasa ya sake ɓarkewa a Sudan. Aka kafa wata rundunar mahaya don rakiyar jirgin ƙasa mai kai abinci da harsashi kudu, aka ɗauke shi saboda ya tashi cikin dawaki. Rundunar ba ta da wani suna na kirki, manoma ne da makiyaya aka rataya wa bindiga. Jirgi na rarrafe a kan dogo, su suna gefe da gefe cikin ciyawar da ta fi mutum tsawo. A ranin farko sun kai jirgi lafiya, har aka yi musu waƙa. A na biyu aka yi musu kwanton ɓauna a wata gada, kwamandansu ya faɗi, suka binne shi da mutanensa a rami ɗaya. Amma ba harsashi ne ya gama da su ba. Damina ta riske su a kudu, tsando ya faɗa wa dawaki. Doki ya kwana lafiya, ya wayi gari yana rangaji, idanu na zubar da ruwa. Abdurrahim ya yi jiƙo, ya yi turare, ba abin da ya tsaya. Suka dawo arewa a ƙasa, kowa da sirdinsa a ka. Aka sallame su ba ko na gode.

Cikin waɗanda suka fita tare daga garinsu, shi da amininsa Habibu kaɗai suka koma. Zama ya gagara, sai ya ɗauki Awadiyya suka gangaro Alƙahira. Ya sami aiki a bargar wani Bamisire mai suna Sharif, kusa da dalar Giza, inda ake ba masu yawon buɗe ido hayar dawaki. Nan hankalinsa ya kwanta. Yakan ce wa matarsa, "Dokin da aikinsa ɗaukar Bature a yi hoto, ai ya shiga aljanna tun a duniya."

Sai ga juyin juya halin Masar na 2011. Baƙi suka ɗauke ƙafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Barsim, ɗanyar ciyawar da ake ba dawaki, ya gagari Sharif. Haƙarƙarin dabbobi ya fara fitowa, wasu har itacen turke suke gaigaya. Abdurrahim ya shiga bin masu kayan miya yana roƙon ɓawon kankana da ganyen kabeji, ya cusa a buhu, ya hau ƙaramar motar haya da shi. Fasinjoji su toshe hanci, shi ko a jikinsa.

Duk da haka dawakin suka riƙa faɗuwa. Wanda ya mutu a ja shi zuwa sahara bayan dala, inda na sauran barguna ke zube. Ranar da ya fara zuwa wurin, ya daɗe a tsaye, sannan ya koma gida bai taɓa abinci ba.

"Malam, ko lafiya?" in ji Awadiyya.

"Warin nan na san shi," ya ce. "Na ɗauka na baro shi a kudu."

Wata goɗiya kili ce ta rage. Ita ya fi so, don da jin takunsa take haniniya. Wata safiya ya tarar da Sharif yana miƙa linzaminta ga wani mai amalanken bulo.

"Ya Sharif, wannan ba ta taɓa jan kaya ba. Ba za ta kai lokacin sanyi ba."

"Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Ammu," in ji Sharif, idonsa a ƙasa. "A can aƙalla za ta ci wani abu. Khalas, shi ke nan, na rufe barga."

Abdurrahim ya shafa wuyanta, ya nuna wa mai amalanke ƙafar da take ɗan ɗingishi da ita, ya roƙe shi kada ya buge ta a fuska.

Bayan nan ya koma gadin wani shagon takalma a kasuwar Ataba. A 2013 aka bugo waya daga Mai Wurno cewa Habibu ya rasu. Ya yi salati, ya zauna bakin gado yana kiran sunayen mutanen rundunar ɗaya bayan ɗaya, kowa da launin dokinsa. Awadiyya na saurare. Da ya zo kan wani ɗan garin Kosti mai baƙin doki akawal, sunan ya ɓace masa. Ya juya kamar zai tambayi wani, sai ya fashe da kuka.

Ciwon sukari ya kwantar da shi a shekarar da ta biyo, shi ne ya zama ajalinsa. Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke maƙwabtaka da su ne suka yi masa wanka da sallah, Sharif ma ya zo ya kama makara. Awadiyya ta gama takaba, ta tattara kayanta, ta bi motar Aswan ta koma wajen 'yan'uwanta a Sudan.