Shaidar Zur da Na Yi wa Ishaku

Ni kafinta ne. Daga wani ƙauye na Filato na zo Dutse neman aiki, kuma Allah ya rufa mini asiri: ina da rumfata, ina buga rufin gidaje, ran Lahadi ina cikin mawaƙan cocinmu. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Bakina ne ya kai ni gidan yari.

Shugaban mawaƙanmu Ishaku ne, ɗan garinmu, mai kula da siton wani ɗan kasuwar riɗi. Wata rana muna koyon waƙa ya tsayar da mu, ya ce muryata ce ke ɓata ta. Aka kwashe da dariya. Da aka tashi ya biyo ni ya ce, "Ɗan'uwa, ko na ɓata maka rai?" Na yi murmushi na ce ko kaɗan. Ƙarya ce. Tun ranar na tsane shi, ko tarinsa ba na son ji.

Da ƙananan maganganu na fara. Sai in ja mutum gefe in ce, "Mu sa Ishaku a addu'a, an ce ya fara shan giya." Ba wanda ya ce, ni na ƙirƙira. In mun haɗu kuwa, ni ke fara miƙa masa hannu.

Sai aka yi satar riɗi a sitonsu. Ba wanda ya neme ni, da ƙafata na je wurin 'yan sanda na ce ranar Alhamis na ga Ishaku yana loda buhuna a adaidaita sahu. A kotu na ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki na maimaita. Wata bakwai ya yi a tsare. Yana ciki mahaifiyarsa ta rasu, aka binne ta ba shi.

Matarsa Rifkatu ce ta ƙi haƙura. Ta yi ta bin sawuna har ta gano cewa ranar Alhamis ɗin ina Miga, ina aiki gidan wani manomi, Malam Sale. Dattijon ya zo kotu ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, mutumin nan yana kan rufin ɗakina tun safe har la'asar. Kwano ɗaya muka ci tuwo." Aka sallami Ishaku, ni aka ɗaure ni shekara biyu.

Ban tuba nan da nan ba. Rifkatu nake zagi, da Malam Sale. Sai wata rana aka ce ina da baƙo. Ishaku ne, ya rame, ya ƙi zama.

"Ba yafiya na kawo maka ba," in ji shi. "Na tsane ka. Kullum ina roƙon Ubangiji ya cire mini wannan, bai fita ba tukuna. Abu ɗaya nake so in sani: me na yi maka?"

Na gaya masa maganar waƙar. Sai ya ce:

"Saboda wannan ban binne uwata ba?"

Ya juya ya tafi. Ranar na fara addu'a ta gaskiya, don na ga shi da yake ƙina bai ɓoye mini ba, ni kuwa da murmushi na hallaka shi.

Da na fito na tsaya gaban ikilisiya na faɗi duk abin da na yi. Wasu suka tashi suka fita. Ishaku ya zauna har na gama, daga baya ya ce ya yafe, amma kada in zo gidansa.

Matasa, in ɗan'uwa ya ɓata muku rai, ku same shi shi kaɗai ku faɗa masa, da taushin murya, tun abin yana ƙarami. Kada ku naɗe gulma cikin addu'a. Har yau in na gaida Rifkatu a ƙofar coci, sai ta janye 'ya'yanta ta wuce. Ban ga laifinta ba.