Bindiga Ɗaya, Gida Uku

Kawuna kafinta ne, ƙofofi da tagogi kawai yake yi. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, duk wanda ya shiga kuwa sai ya fito da garin katako a gira. Shekararsa arba'in a sana'ar, amma har yau ba ya yanka katako sai ya auna, ya ajiye zarto, ya sha ruwa, ya sake aunawa. Masu ba shi aiki suna ƙorafin jinkirinsa, amma ba sa zuwa wani wuri.

Yana da bindiga doguwa mai baki ɗaya, gadon mahaifinsa, wadda tsohon yake korar birai da ita a gona. Duk unguwa an san da ita. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a gida uku take zaune. Gangar jikinta tana bayan sif a ɗakinsa, naɗe cikin tsohon bargo. Harsasai takwas suna gidan surukansa, cikin akwatin da matarsa, wadda muke kira Inna, ta bari a can, mukullin kuma ɗaure a haɓar zaninta. Ɗan ƙarfen da yake bugun harsashi, wanda in babu shi bindiga sanda ce kawai, yana can ƙarshen gari a hannun amininsa.

Dalilin wannan rabo ya gaya mini wata rana yana goge ƙofa. Shekara ashirin da shida da suka wuce, wani maƙwabci ya sare masa bishiyar bakin katanga, da ya yi magana kuma mutumin ya zagi mahaifiyarsa. Kawu ya shiga ɗaki idonsa a rufe, ya ɗura harsashi, ya nufo waje. Sai ƙofar gidan ta ƙi buɗuwa, damina ta kumbura ta. Shi ya yi ƙofar da hannunsa. Ya ja, ya doka, can sai ya tsinci kansa a durƙushe yana laluben inda take cijewa. Ya jingine bindiga ya ɗauko kayan aiki. Kafin ƙofa ta buɗu, fushi ya tafi. Da yake mutumin awo ne, ya zauna ya auna kansa: fushinsa ba ya wuce rabin sa'a, zuwa gidan amininsa da dawowa a ƙafa kuwa sa'a guda ce cur. Washegari ya kwance bindigar ya raba.

Aminin nan tsohon ma'aikacin asibiti ne, ya yi shekara talatin yana wanke raunuka a ɗakin gaggawa. Ba likita ba ne, amma kowa Likita yake ce masa, har ya gaji da gyarawa. Ba abin da ya tsana a duniya kamar bindiga. Duk Asabar da yamma yakan zo shago, su zauna kan benci su buɗe muhawara. Likita ya ce shi ya ga waɗanda ake kawowa jina-jina, yawancinsu ba 'yan fashi suka harbe su ba, wa ne ko ƙani, ko mai goge bindiga da ya rantse babu komai a ciki. Kawu ya ce ɗan fashi ba ya bin layin lasisi, doka kullum a kan mai gaskiyar da ya rubuta adireshinsa take sauka, kuma wanda gidansa ke nesa da 'yan sanda yana da haƙƙin kare iyalinsa. Likita yakan kira shi Janar, wai shi kaɗai ne janar ɗin da sai ya nemi izinin matarsa kafin ya fita yaƙi.

Bara aka yi sabuwar doka. Duk mai bindiga ya kai ta ofis cikin wata guda, da dukkan sassanta, ya tanadi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ya kuma kawo shaida wanda ya san shi shekara goma, ya sa hannu cewa mutum ne mai haƙuri. Wanda ya kasa, a karɓe bindigar a yanka ta. Likita yana cikin waɗanda suka yi ta neman a yi dokar, har ya miƙe a taron unguwa ya ce shi ba zai sa wa kowa hannu ba, ko ɗan cikinsa ne.

Mai faci ya ce zai tsaya wa Kawu, mai fenti ma haka. Kawu ya yi musu godiya ya ƙi. Ya ce su kafinta mai sanyin hali suka sani, ba su san wanda ya durƙusa bayan ƙofa ba, shaidarsu ba za ta zama gaskiya ba. Amma bai roƙi Likita ba, don kada ya sa shi cin maganarsa. Asabar uku suka wuce suna muhawara kamar kullum, ba wanda ya taɓo zancen. Inna ta ce a kwanakin yakan sauke bargon ya shafa gindin bindigar, inda tafin hannun mahaifinsa ya cinye katakon, ya mayar.

Ranar ƙarshe da hantsi sai ga Likita a ƙofar gida, sanye da rigar fita, riƙe da ƙaramin gwangwanin magani. A ciki ga ɗan ƙarfen nan cikin auduga, yana ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu. Ashe duk wata yana shafa masa mai.

“Kai da ka tsani bindiga?” in ji Kawu.

“Wannan amana ce, Janar. Sa takalminka, rana tana yi.”

Inna ta bi su da harsasanta, ita ta ba ni labarin ofis. A takardar akwai layi ɗaya na rubuta inda ake ajiye bindiga, Kawu ya cusa adireshi uku har ya gangara gefen takarda. Jami'ar da ke teburin ta ɗauka bindigogi uku gare shi, ta fara haɗe rai. Dole ya ba ta labarin ƙofa tun daga farko, a gaban layin mutane. Ta ajiye biro ta saurara, sannan ta juya wajen Likita ta tambaye shi ko zai iya shaida cewa wannan mutum mai haƙuri ne.

“A'a, yana da zuciya,” in ji Likita. “Amma shi ya fara sanin haka kafin kowa, ya kuma yi wa kansa dokar da ta fi taku tsanani. A kan wannan zan sa hannu. Ƙarfen nan kuma da ni zai koma.”

Jami'ar ta duba littafinta ta ce doka akwati ta nema, ba ta hana a raba ba. Ta buga hatimi.

Akwatin ƙarfen ne kawai ya ɓata wa Kawu rai, don mai walda ya yi murfinsa a karkace. Sai da ya yi masa rigar katako kafin ya yarda a shigar da shi ɗakinsa.

Asabar ɗin da ta biyo na same su kan benci. Likita yana nan a kan bakansa, a tattara bindigogin ƙasar nan duka a narkar. Kawu ya tambaye shi har da tasa. Ya ce har da ita mana, sai dai a bar ta a ƙarshen layi. Kawu ya yi dariya, ya ɗauki tef ya koma kan katakon da ya riga ya auna.