Foldar Tavita Ta Haye Kan Manya

Shekara ashirin Siniva tana rubuta wa majalisar ƙauyensu a ƙasar Samowa takardu, ba ta taɓa sa sunan ƙarami a gaban na babba ba. Da aka mayar da takardun intanet, ta buɗe wa kowane basarake foldarsa. Sai ga rashin kunya: duk foldar da aka taɓa daga ƙarshe, ita ke hayewa sama. Tavita kuwa, mai ƙaramar sarautar da sai kowa ya sha ake miƙa masa ƙoƙon kaba, abin shansu na gargajiya, a taro, ba ya rabo da rigimar iyakar gona. Kullum sai ga shi a kan babban basarake.

"Wannan na'ura ba ta da tarbiyya," in ji Siniva.

Don haka kowace Litinin kafin taro take bin folda talatin tana taɓawa, daga ƙarami zuwa babba, har kowa ya koma mazauninsa.

Wata Litinin, gamawarta ke nan, sai ga Tavita da sabuwar ƙara a hannu. Ta dube shi, ta dubi allon.

"Ranka ya daɗe, ka bar wa maƙwabcin nan naka gonar. Wallahi ba zan sake ɗaga dattawa ashirin da tara saboda bishiyar kwakwa biyu ba."