Wa ya kira ni a dutsen Hada?

Yau shekara biyar da rasuwar mahaifina. Idan na tuna shi, ba kwanciyarsa a asibiti ke fara zo mini ba. Ƙarfe huɗu na yammacin wata Asabar nake gani, a kan duwatsun Hada da ke hanyar Ɗa'ifa, lokacin da gajimare ya sauko ya rufe mu.

Baba direban tasi ne a unguwar Hindawiyya, a nan Makka. Ta Sudan ya shigo ƙasar nan yana saurayi, kuma bai taɓa sauke al'adun gidansu ba. Ni ce 'yar farinsa, sunan mahaifiyarsa kuma aka sa mini, Rakiya. Saboda kunya biyun nan, bai taɓa furta sunana ba. Mutanen gida da na unguwa Ummi suke ce mini. Shi ko Ummin ma nauyi take yi masa. "Ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Ƙannena kuwa yana kiran sunayensu tun daga ƙofar gida. Na san al'ada ce, an yi mini bayani tun ina ƙarama. Sanin bai hana ni lura ba.

Abu ɗaya yake so bayan aikinsa, shi ne tafiya a ƙafa a kan tsaunin. Akwai tsohuwar hanya da aka shimfiɗa da duwatsu, tana bin ƙoƙuwar dutsen ta cikin itatuwan ar'ar, kwari a dama, kwari a hagu. Da silifa yake hawanta, da filas ɗin shayi a hannu, tare da amininsa Ammu Idris, shi ma direba, mutumin Chadi. A ranar sun tafi da ni ne don na ci jarrabawa. Ina 'yar shekara goma sha huɗu.

Na tsaya duba yadda aka jera duwatsun hanyar, ina mamakin hannuwan da suka yi aikin, su kuma suka yi gaba suna gardamar ƙwallo. Da na ɗaga kai, babu su, babu hanyar. Fari ne kawai ko'ina, da sanyi irin wanda ɗan Makka bai saba da shi ba. Can ƙasa birai suna haushi. Baba ya gaya mini tun a mota cewa idan dabab, wato irin wannan hazon gajimare, ya rufe, a zauna inda ake. Na zauna, na rungume jakata.

Na daɗe a haka kafin na ji murya daga nesa, a shaƙe, iska tana yayyanka ta. "Rakiya! Rakiya!" Na amsa. Wanda ya fara ɓullowa daga cikin farin Ammu Idris ne, yana haki. Baba ya biyo bayansa, ƙafa ɗaya babu silifa, yatsansa yana jini. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ke, tashi mu tafi." Muka nufi wurin mota, muka koma Makka.

Na ɗauka Ammu Idris ne ya kira. Wani lokaci kuma in yi shakka. Ban tambayi Baba ba. 'Yar fari ba ta yi wa ubanta irin wannan tambaya, ni kuma ko ba al'ada ba mai magana ba ce.

Yanzu hanyar ta zama wurin yawon matasa. Suna zuwa ƙungiya-ƙungiya da sanduna da takalma na musamman, waya tana nuna musu inda za su taka, har da 'yan mata. Ina jin Baba zai dubi takalman ya yi dariya, sannan ya tambayi kuɗinsu. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne ƙanena. Ya yi aure a Rusaifa, ya haifi ɗa, ya manna "Abu Rayyan" a gilashin bayan motarsa. Sunan ɗan fari ke nan yana yawo a titi, kowa yana karantawa. Ban ce ɗayansu ya yi kuskure ba. Ƙanena yana nuna ƙaunarsa a gilashin mota, Baba kuwa tasa sai an neme ta.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, domin tasin ma ba tasa ba ce. Ya bar mana son tafiya a ƙasa, da zama wuri ɗaya idan ido ya daina gani. Ni kuma ya bar mini wannan tambaya.

A watan jiya na je gaida Ammu Idris a Utaibiyya. Ya tsufa, gwiwa ta hana shi tuƙi. Muna shan shayi na daure na ce, "Ammu, ranar da dabab ya rufe mu a Hada, kai ne ka kira sunana?"

Ya ajiye kofin, ya dube ni.

"Ni? Ya binti, 'yata, ni da sunan Ummi na san ki. Wallahi a ranar na fara jin sunanki, a bakin babanki. Ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Da muka zo wurin mota ya riƙe hannuna ya ce, Idris, don Allah kada uwarta ta ji."