Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Bayan tungarmu, ƙasa da Ngaski, akwai wani tafki da ruwa ke bar mana idan kogi ya ja baya da rani. Tun ina yaro ba a taɓa kifinsa sai sarkin ruwa ya sa rana, a yi su, wato kamun kifi na gaba ɗaya, kowa da komarsa. A nan ake wanki, a nan shanu ke sha. Ni sana'ata kai kifi kasuwar Yelwa. Matata ta yi banda, in ɗaure a kwali in hau babur. Akwai wata mata mai gidan abinci, mutuniyar kan tudu ce, Kirista, wadda ta fi shekara goma ba ta sayen kifin kowa sai nawa. Mama nake ce mata. Direbobi da 'yan dako duk miyarta suke sha.

Wata shekara, saura kwana kaɗan ranar su, ƙanen matata ya gama feshin shinkafarsa, maganin ƙwari ya rage masa a galan. Ƙato ne da gemu da 'ya'ya huɗu. Da sassafe ya je ya tuttule shi a tafkin.

Kafin hantsi na ji guɗa, na fita. Na tarar ruwan ya yi fari, kifi duk sun juyo ciki sama. Tarwaɗa, karfasa, har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba. Kwaɗi sun miƙe ƙafafu a baki-baki, ga wani maciji yana ta juyawa ya kasa nutsewa. Warin kuwa irin na shagon maganin gona ne, mai kama maƙogwaro. Mutane na cikin ruwan har ƙugu, mata da goyo a baya, suna kwasa da daro suna cewa Allah ya kawo arziki. Sarkin ruwa ya zo ya yi ta faɗa, amma ɗansa ma na ciki da kwando.

Matata ta shigo gida da daro biyu. Inna, mahaifiyata, wadda ta yi banda tun kafin a haife ni, ta ɗauki tarwaɗa guda ta buɗe kunnenta ta shinshina, ta jefar.

"Wanga ba kifi ba ne, mushe ne."

"Haba Inna," in ji matata, "wuta na kashe guba. Kowa ya sani."

Na ce, "Wane kowa? Ƙanenki ne malamin da ya karantar da ku?"

"To maigida, tun da kai ne likita, je ka maida su ruwa su tashi."

Na bar ta, abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. Ta hura wuta ta jera su. Hayaƙin banda na san shi tun ina goye, ƙamshi gare shi. Na ranar nan yaji yake yi a ido, ya bar ɗaci a harshe. Duk tungar kowane gida na hayaƙi iri ɗaya, ba inda za ka gudu. Inna ta yi ta tari har muka kai ta gidan ƙanwata a wani ƙauye.

Ranar kasuwa na ɗaure kwali na tafi. Ban da hujja. Kifi ya riga ya gasu, na ce wa kaina ƙila gaskiyar matata ce.

A layin 'yan kifi na Yelwa ƙuda ya fi mutane yawa. Kowa da ɗan kwalinsa yana fifita. Na baje kifina a tire, na ɗauki abin fifita, sai na ga ba abin da zan kora. Ƙuda ya taso daga tiren maƙwabcina, ya yi shawagi a kan nawa, ya juya. Haka tiren mutanen tungarmu uku da ke jere da ni. Abin da ke sauka a kan kashi ya ƙi kifina.

Sai ga Mama da kwandonta.

"Mai kifi, yau kam ka yi tsabta! Ko ƙuda babu. Amarya ka yi ne?"

Na ce, "Mama, kar ki saya."

"Mi ya faru? Wani ya riga ni?"

Na gaya mata duka, tun daga galan har tarin Inna. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ta gode, Allah ya sa albarka, ta wuce. Ina kallonta ta tsallake mutum biyu ta tsaya wurin na uku, ɗan tungarmu, ta ɗaga tarwaɗa tana jujjuyawa. Na ɗaga murya na ce nasa ma daga can ne. Ya rantse da Allah cewa na kogi ne, ya ce baƙin ciki nake masa. Ta dube ni, ta dubi kifin. Rana ta yi, tukunya na jiran ta. Ta ajiye shi dai, ta koma wurin wani Bakambare mai tire baƙi ƙirin da ƙuda ta cika kwandonta. Na mutumin tungarmu kuwa wasu suka saye tas kafin azahar.

Nawa na maida kwali. A hanya na tsaya bakin wata gona da ba a shuka ba, na ari fartanya na haƙa rami na zuba. Ina rufewa mai gonar ya zo ya tambaye ni abin da nake binnewa a ƙasarsa. Na gaya masa. Ya sa ni na tone, na sake ɗaure abina a babur.