Ranar da Jirgin Goggo Ya Yi Shiru

Kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofa, ita ta riga ta shigo. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta jiƙa ƙyalle da sifirit, ta bi ƙaramin layin dogon nan tana gogewa tun daga tasha har cikin kogon kwali. Sai ta ɗauki kawunan jiragen ɗaya bayan ɗaya, ta duba tayoyinsu, ta ɗora su a layi, ta kunna, ta karkata kai tana saurare. In usur ya fita tas, ta yi hamdala. In ya fita da kakari, ranar shayinta sai dai ya huce.

Yaranmu suna kiranta Goggon Jirgi. Ni malama ce a makarantar yara marasa gani, kuma teburin jiragen wasan nan da wani bawan Allah ya ba mu kyauta, a wurinmu kayan karatu ne. Kowane kan jirgi bai fi tsawon tafin hannu ba, amma a cikinsa akwai ƴar ƙwaƙwalwar lantarki da ƴar sifika. Yana huci, yana usur, birkinsa yana ƙara kamar na gaske. Da wannan ƙarar muke koya wa yaro ya gane abu tahowa yake ko tafiya, daga dama ko daga hagu, kafin mu fita da shi bakin titi.

A shagon gyaran rediyo na mahaifinta Goggo ta tashi. Gyaran fankoki da lasifikar makaranta aka ɗauke ta, jiragen suka zo daga baya suka zama nata. Mai dafa abinci ta sha ganinta tana tsince zaren hula daga cikin tayar jirgi da allura. Direbanmu ya sha kai ta kasuwa neman sifikar da ba ta kai maɓallin riga girma ba.

Abin da na gani da idona shi ne na Auta, ƙaramar ajinmu. Ciwo ne ya cinye mata gani a hankali, aka kawo mana ita ba ta magana, abinci ma sai da lallami. Mahaifinta ya ce in ba ta sake ba zai mayar da ita gida, mu kuwa mun san in ta koma, zaman ɗaki ne kawai. Abu ɗaya ne ya fara buɗe mata baki: baƙin jirgin nan mai huci. Takan dafa gefen tebur tana binsa da kunne.

Wata safiya aka kunna shi, ya tashi yana zagaye, amma ba huci, ba usur. Auta tana jin girgizarsa a tafin hannunta. Na ga fuskarta ta canza.

"Malama, yana tafiya?"

"Yana tafiya, Auta."

"To me ya sa ba na jin sa?"

Na ce ai jirgin ne ya lalace. Ta girgiza kai. "Haka idona ya fara. Ƙananan abubuwa ne suka fara ɓacewa, Mama tana cewa ba komai."

Sauran yaran suka rantse mata su ma ba sa ji, ta ce lallashinta muke yi. Aka kunna mata wani jirgin, ta ce wannan dama mai ihu ne, nata take so. Ga shi washegari mahaifinta zai zo ziyara.

Goggo ta ja kujera, ta zaunar da Auta kusa da ita. "Ƴata, wannan tsohon maƙoshinsa ne ya toshe. Zauna mu yi masa asibiti tare."

Ta danna madannin sauti a jikin rimot, ko wani yaro ne ya kashe shi, shiru. Ta ƙara murya har ƙarshe, shiru. Ta sake goge layi da tayoyi, domin ɗan datti kaɗan kan yanke wuta. Ta cire rufin jirgin, ta jona wata sifikar da ta san tana aiki, nan ma shiru. A lokacin na ga zufa a goshinta, domin abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwar kanta, kuma in ta ƙone, ba mu da wata. Auta ta daina tambaya, ta kifa kai a gwiwa.

Goggo ba ta ɗago ba. Ta sa gilashinta mai ƙara girma, tana bin wayoyi da tsinke. Can ta ce, "Kawo yatsanki." Ta ɗora yatsan Auta a kan wata waya siririya kamar gashi, wadda ta ɓalle a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar.

"Me kika ji?"

"Tana lilo."

"To ga marar lafiyar nan. Kunnenki garau yake."

Ta ɗiga dalma, ta jira ta huce, ta mayar da jirgin kan layi. Da usur ya tashi, Auta ta zabura ta ce, "Daga hagu yake!" Ajin ya kaure da ihu. Washegari ita ta ja mahaifinta zuwa teburin tana ba shi labarin wayar. Bai ƙara zancen tafiya da ita ba.

Goggo, ke ce mai haƙurin bin wayar da ido bai cika gani ba. Ke kika gane cewa yaron da ya rasa gani ba ya yarda da "ba komai", sai an ɗora masa hannu a kan abin. Ba ki taɓa tsayawa gaban taron iyaye ba, yawancinsu ma ba su san kina nan ba.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, ƙarshen zangon nan za ki ajiye aiki. Hannunki ya fara rawa, na ga yadda kike tallafe dama da hagu kafin ki ɗiga dalma. Har yau ba a sami wanda zai gaje ki ba, kuma jirage biyu sun riga sun fara shaƙewa. Ina kwana ina tashi da tunanin ranar da wani yaro zai tambaye ni abin da Auta ta tambaya, ke kuma ba kya nan.

Mun gode, Goggo. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba hannunki lafiya. Ku kuma masu gyaran waya da rediyo, maza da mata, wanda duk zai iya ba mu safiya ɗaya a mako, ya zo tun tana nan. Ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo, sharaɗinta ɗaya ne: ya iya yin shiru ya saurara.